Hattara da mai tallan kayan sanyaya kwamfuta da ruwa a Instagram da WhatsApp

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa a kan wannan rubutu, don ba wanda ke son fitowa ya ce an yi masa wayo, balle a harkar da yake taƙamar ya sani. To makon jiya wani yaro da nake koya wa aiki ya miƙo min wayarsa ya ce, "Yaya, duba min wannan, in tura kuɗin?" Ina dubawa na ga hotunan da aka cuce ni da su ne, har da tabon da ke jikin teburin da aka ɗora kayan. Sunan shafin kawai aka canza.

Sana'ata haɗa bidiyo a nan Kano: biki, suna, walima, tallan shaguna. Kwamfutar tebur ɗin da nake aiki da ita ni na haɗa abata. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel Core i7-12700K ce a kan madabod Z690, babban allon da ake jona komai a kansa, katin hoto kuma RTX 3070. Harafin K ɗin nan na ƙarshe yana nufin kamfani ya bar ƙofa a buɗe, kana iya ƙara mata gudu fiye da yadda ta fito, abin da 'yan harka ke kira obakulok. Ko ba ka taɓa ta ba, in aiki ya yi nauyi tana iya zuƙar wat 190, katin kuma wat 220, kuma duk wutar da suka sha zafi take komawa. In ka ƙara gudu, ka ƙara mata wuta, zafin ya haura. A watan Afrilu, da rana tsaka, in na sa ta fitar da bidiyon biki na awa biyu, sai ta taɓo digiri 100 ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Aikin minti arba'in ya koma awa ɗaya da wani abu, ga mai biki yana ta kira.

Nan na fara sha'awar haɗa mata ruwa. Ga wanda bai san tsarin ba, kusan irin na mota ne. Akwai bulok, wani ɗan faifan ƙarfe mai ramuka sirara a ciki da ake ɗaurewa a kan furosesa. Famfo yana tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya kwashi zafi ya bi tiyo zuwa lagireto, fankoki su hura, ya dawo ƙaramin tanki, ya sake zagayawa. Kamfanonin da aka sani da wannan kaya su ne irin EK na Sloveniya, Alphacool na Jamus, Bitspower na Taiwan, Corsair na Amurka, sai Barrow da Bykski na Sin masu ɗan sauƙin kuɗi. Kayan ba su da arha, kuma samunsu a kasuwarmu sai an sha wuya. Ta wannan ƙofar mutumin ya shigo.

Tallansa ya ce cikakken saiti ne: bulok, lagireto mai fanka uku, famfo D5, tanki, tiyo, mahaɗai da kwalbar ruwa mai launi. Ya rubuta cewa komai jan ƙarfe ne zalla, kaya na waje, rarar wani kamfani da ya rufe. Kuɗin bai kai rabin abin da na lissafa zan kashe in na yi oda da kaina ba. Da na yi masa magana, bakinsa kamar zuma, har da ambaton Cinebench, manhajar da ke sa furosesa aiki mai nauyi don gwaji. "Oga, in ka sa wannan, ko Cinebench ka kunna ba za ta wuce digiri 25 ba. Ga hoton na wani kwastoma." Ya turo hoton allon HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, da lamba 25 an zagaye ta da ja.

A nan ya kamata in tsaya, kuma wallahi na san dalilin, kwaɗayi ne ya rufe min ido. Lagireto ba firji ba ne. Iskar ɗakin yake hurawa a kan ruwan, don haka ruwan ba zai taɓa yin sanyin da ya fi na ɗakin ba, kullum yana sama da shi da wasu digirori. Furosesar kuma tana sama da ruwan nesa ba kusa ba in tana aiki. Shagona a bazara yana kaiwa digiri 38 ko 40 in babu wutar kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ta ina za a samo 25? Hoton nan ko dai na kwamfutar da ke zaune ba ta komai ne a ƙasar da ake sanyi, ko kuma an gyara lambar. Duk wanda ya yi maka alƙawarin wani adadi bai tambaye ka zafin ɗakinka ba, ko bai san aikin ba ko ya san abin da yake yi.

Ya ce in tura kashi 70 cikin 100, sauran in kaya sun iso. Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da yake amsawa ba. Na tambaya, ya ce na matarsa ne, nasa yana da matsala. Na tura.

Kaya sun zo, kuma wannan ne ya bambanta shi da 'yan damfarar da muka saba da su, masu karɓar kuɗi su ɓace. Bayan kwana 9 direba ya kira ni daga tasha. Kwali mai kyau, komai a naɗe cikin leda, har da sitika mai sunan kamfani. Na cika masa kuɗinsa ina godiya. Matsala ta farko, ƙarfen ɗaure bulok ɗin bai dace da madabod ɗina ba. Na tsohon soket ne, wato gurbin da furosesa ke zama, mai tazarar ramuka milimita 75, alhali soket ɗin furosesata, LGA1700, 78 ne, kuma tun farko na gaya masa furosesar da nake da ita. Ya ba da haƙuri, ya ce in ƙara kuɗi kaɗan ya aiko da wanda ya dace. Na ƙara.

Na haɗa, na cika ruwa, na yi gwajin yoyo yadda ake yi: na cire wayoyin wuta daga madabod da kati, na haɗa koriyar waya da baƙa a kan filogi mai fil 24 don famfo kaɗai ya tashi, na shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa, na bar shi ya kwana ya wuni. Ko ɗigo babu. Da na kunna aiki ta tsaya a tamanin da wani abu. Ba 25 ba, amma ta daina rage gudu, sai na ce to, ai ko ba komai an rage asara. Har hoto na ɗauka na sa a sitatus, Allah Ya yafe min, don na san mutum biyu da suka nemi lambarsa daga wurina.

Wajen wata uku ruwan ya fara sauya kama. Shuɗi ne garau da farko, sai ya dishe, sai na fara ganin wani farin gari-gari yana kwanciya a gindin tanki kamar ƙullun koko. Zafi ya dinga hawa a hankali har ya koma inda yake da. Famfon ya fara ƙara kamar injin markaɗe. Ranar wata Talata ina tsakiyar aikin wani biki allo ya ɗauke. Na buɗe akwatin na tarar da ruwa yana tsatsafowa daga kusurwar lagireto, wanda na ɗaura a sama, yana ɗiga daidai bayan katin hoto. Katin bai sake tashi ba.

Na kwance lagireton na kai wa wani dattijo mai gyaran lagireton mota da ke kusa da mu. Bai ma buɗe ba. Ya ɗauka da hannu ɗaya, ya ɗan jijjiga, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka wannan jan ƙarfe ne?" Ya ɗauko ƙusa ya kankare baƙin fentin gefe, sai ga fari fat yana ƙyalli. Alminiyam. Ya haska tocila cikin ramin da tiyo ke shiga, duk ciki ya ciccinye kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Ya miƙo min wani ƙaramin lagireton jan ƙarfe na tsohuwar mota ya ce in riƙe su biyun in ji. Bambancin nauyin ko yaro zai gane.

Bulok ɗin shi jan ƙarfe ne da gaske, wanda 'yan gwangwan ke kira kofa, kuma nan cutar take. In alminiyam da jan ƙarfe suka haɗu a ruwa ɗaya, sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ya dinga narkewa a hankali. Garin da ya zube ya je ya toshe siraran ramukan cikin bulok, bangon lagireto kuma ya yi ta sirancewa har ya huje. Alminiyam shi kaɗai ba laifi ba ne. EK ma sun taɓa fitar da saitin da komai nasa alminiyam ne, suka gargaɗi mutane kada su haɗa shi da kayan jan ƙarfe. Rufaffun na'urorin ruwa da ake sayarwa a haɗe, da yawansu ƙarfe biyun ne a ciki, amma an zuba musu ruwa mai maganin hana tsatsa an rufe. Abin da ya aiko min a kwalba ruwa ne da kala kawai, ko takardar bayanin abin da ke ciki babu.

Famfon ma ba D5 ba ne. D5 na gaske, ƙirar Laing, jikinsa kewayayye ne mai kauri kamar gwangwanin madara, yana iya tura lita 1,500 a awa, kuma abin da ke juyawa a cikinsa yana zaune ne a kan ƙwallon tangaran guda ɗaya. Da na kwance nawa, wani ɗan ƙaramin famfo na gani irin na tankin kifi, an cusa shi cikin babban murfi an manna sitika.

Na tura masa hotuna. Da farko ya ce ruwan rijiya na zuba. Na ce ruwanka ne. Ya ce to wutar NEPA ce ta lalata. Na tambaye shi yadda wuta ke mayar da jan ƙarfe alminiyam. Sai ya sauko, ya ce zai aiko da sabon lagireto "na asali" in na biya kuɗin mota da rabin kuɗin kaya. Da na ce a'a, kuɗina nake so da na katina, washegari na nemi shafin na rasa, lambar kuma ta daina shiga. Dabararsa ke nan: kayan suna aiki na wata biyu ko uku, daidai lokacin da zai tara hotunan godiya daga wurinmu ya yi talla da su, kafin ɓarnar ta fito ya sauya suna. Cikin mutum biyun da suka karɓi lambarsa a wurina, ɗaya ya riga ya saya. Na kira shi a daren ya zubar da ruwan, ya tsira da kwamfutarsa.

In kana shirin haɗa irin wannan, kada ka biya kafin ka riƙe lagireton a hannunka. Maganaɗisu ba zai taimake ka ba, don ba ya kama ko ɗaya cikin biyun. Nauyi ne shaida, jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, kuma kamfanonin kirki suna rubuta nauyin kayansu a shafinsu, sai ka ɗora a sikeli ka gwada. Haska cikin ramin, na kirki za ka ga launin tagulla ko ja-ja. A bulok kam launi na iya ruɗar ka, don ana shafa wa jan ƙarfe nikel ya yi fari, sai dai ka nemi lambar samfurin ka duba. In kaya daga nesa suke, ka ce ya yi maka kiran bidiyo ya ɗora a sikeli kana gani, ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye a gefe. Mai kaya a hannu ba ya jin haushin wannan. Ka tambaye shi soket ɗin da bulok ɗin ke hawa, da girman tiyo, misali 10/16, wato faɗin ciki da na waje a milimita, da ko zaren mahaɗan G1/4 ne, ma'aunin da aka saba amfani da shi. Nawa mutumin da na yi masa irin waɗannan tambayoyi daga baya, amsarsa ɗaya ce: "Duk yana hawa, oga."

Ruwa kuma tataccen ruwa, wanda ake kira distil, ake sawa da maganin hana tsatsa da gansakuka, ko wanda kamfani ya haɗa ya rubuta abin da ke ciki. A kula da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir, wani tatacce ne, wani kuwa da asid a ciki. Kuma ko ruwan kirki ne ana sauya shi kamar sau ɗaya a shekara, ga ƙurar hunturu da ke toshe lagireto sai an bi da buroshi.

Ra'ayina yanzu, kuma na san masu son ƙyale-ƙyale ba za su ji daɗi ba: yawancinmu ba ma buƙatarsa. Na koma fankar iska mai hasumiya biyu, Thermalright Peerless Assassin, na sauke obakulok ɗin, na ɗan rage wa furosesa wuta a BIOS, wato saitin madabod. Bambancin lokacin fitar da bidiyo bai kai abin da zan tsaya ina lissafi ba, kuma ina barin shago kwamfuta na aiki ba tare da tunanin ɗigo ba. Wanda ya ga lallai sai ruwa, ya yi oda daga kamfanin ko dillalin da yake da shago da za a iya komawa a same shi, ko da kuɗin ya ninka.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tura kuɗi da hotunan hirarmu, na kuma rubuta wa EFCC. Har yanzu ko sisi bai dawo ba. Sabon shafin nasa yana nan yana talla, da shuɗin ruwa a tanki da lamba 25 an zagaye da ja, kuma a cikin hotunan "kwastomomin da suka gamsu" akwai na kwamfutata, wanda na sa a sitatus. Lagireton yana nan a shago na rataye shi a ƙusa, duk wanda ke son ya ji nauyinsa kafin ya tura wa wani kuɗi ya biyo.