Faifan da ya fito ba suna a bangonsa

Yaya, gaisuwa mai yawa. A gaishe min da Inna da yara. Labarin tsadar haya da sanyin Birmingham ka ji shi har ka gaji, shi ya sa yau zan amsa tambayar da ka daɗe kana yi, wato yadda sana'arka ta sayar da waƙa take a Ingila.

Da farko dai, irin rumfarka ta tura waƙa a waya ban ga ko ɗaya ba. Yawanci mutum kuɗin wata yake biya wa manhajar sauraron waƙa ta Spotify ko makamanciyarta, ya saurari abin da ya ga dama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne faifan garmaho, wanda mu muka bar wa ƙura a saman sif, a nan kasuwarsa ta dawo. Wani dattijo Bature da muke aiki tare a sito ya ja ni wani shagon tsofaffin fayafayai ranar Asabar. Kowane faifai an rubuta lafiyarsa a jiki, in da ƙarzuwa kuɗinsa ya sauka. Za a ba ka abin sa wa kunne ka saurara kafin ka biya, kuma mai shagon ya ce in na je gida allura tana tsalle, in dawo da shi da rasit. Ka tuna yadda muke ƙarewa da mai kaset idan zare ya naɗe.

Dattijon nan masoyin kiɗan da suke kira heavy metal ne, kuma nan ne mahaifar kiɗan, don ƙungiyoyin Black Sabbath da Judas Priest duk 'yan yankin nan ne na masana'antun ƙarfe. Sai dai shi zancensa kullum wasu ne da ake kira Diamond Head, 'yan Stourbridge, wani ƙaramin gari yamma da mu da ya yi suna wajen sarrafa gilashi. Brian Tatler mai jita ya kafa ƙungiyar a 1976 suna yara 'yan makaranta, Sean Harris ne mawaƙinsu a lokacin. A 1980 suka fitar da faifansu na farko, Lightning to the Nations, da kansu, ba babban kamfani. Kwafi 1,000 suka fara bugawa a farin bango, ba suna ba hoto, sai sa hannun ɗaya daga cikinsu, ana aika wa mai so ta gidan waya. Na asalin yanzu ya fi ƙarfin aljihuna, sabon bugu na saya.

Ranar farko hayaniya kawai na ji, ba zan ɓoye maka ba. A saurare na uku kunnena ya buɗe. Waƙarsu "Am I Evil?" ta haura minti bakwai: ganga ce ke buɗe ta kamar faretin soja, sannan jita ta kama kari ɗaya mai nauyi tana maimaita shi kamar 'yan amshi, har sai ya zauna maka a ƙirji, can sai su ƙara wuta. Dundufar maƙera ta faɗo min a rai, yadda kiɗan ke tafiya da saukar guduma. Kalmomin kam ba na kunna wa Inna ba ne.

To me ya hana su shahara? Sa'o'insu Iron Maiden da Def Leppard sun samu manyan kamfanoni da wuri, su kuwa sai 1982 faifansu ya fito a ƙarƙashin kamfanin MCA. Na 1983, Canterbury, ya zo da tangarɗa a wajen bugawa, dubban kwafi suna tsalle, ga shi sun sauya salo masoya ba su so ba. Zuwa 1985 sun watse, kodayake sun sake haɗuwa daga baya.

Ga inda nake so ka kasa kunne. A 1981 wani saurayi, Lars Ulrich, ya taso daga Amurka don ya kalle su a Landan, har ya zauna wajensu na wani lokaci. Da ya koma ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Metallica. Suka rera "Am I Evil?" a 1984, a 1998 kuma faifansu Garage Inc. ya ɗauki waƙoƙin Diamond Head har huɗu. A nan duk wanda ya rera waƙar wani ya sayar, sai an yanka wa marubucinta kasonsa, akwai hukumomin da aikinsu ke nan. Tatler ya sha faɗa cewa kuɗin nan ne ya riƙe shi. Makaɗin gida kuwa kyautar ubangida da liƙin biki ne abincinsa, in ya tsufa waƙarsa tana yawo a wayoyi shi yana neman na magani. Ba da kai nake ba, Yaya, ni ma a rumfarka na ci abinci.

Zan ba mai zuwa gida faifan ya kawo maka, in garmahon Baba yana da sauran allura. Kai kuma ka nemo min dundufa mai kyau a kwamfutarka ka turo, dattijon ya matsa sai ya ji.