Kwas biyu na yi, ɗaya ne ya zaunar da ni a aiki

Sau biyu na shiga shirin horar da masu neman aiki. Na farkon mako uku ne, a aji kawai. An koya mana rubuta takardar neman aiki da yadda ake amsa tambaya a intabiyu. Ba laifi, kafin wata ya cika sun samo min gurbi a wani kamfanin haɗa sola. Ranar da na fara, aka miƙo min mita aka ce in auna batir. Na tsaya ina jujjuya maɓallin, ban san ramin da jar waya ke shiga ba. Mako bakwai na yi na ajiye aikin da kaina, kunya ta ishe ni. Su kuwa masu shirin tuni sun lissafa ni cikin waɗanda suka samu aiki, ko waya ba su ƙara yi min ba.

Na biyun shi nake wa wannan sharhi. Wata shida ne: kwana biyu a aji, kwana uku a fagen aiki ƙarƙashin ma'aikaci guda da aka haɗa ni da shi. Ya yi kama da tsarin Jamus, inda ɗan koyo ke raba makonsa tsakanin kamfani da makarantar sana'a, sai dai nasu kan ɗauki shekara 2 zuwa 3 da rabi.

Maigidan nawa ba mai yawan magana ba ne. Wata rana na jona farantan sola biyu a jere, alhali gefe da gefe ya kamata. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, auna ka gani." Na auna, na ga ƙarfin wutar ya ninka, ya haura abin da na'urar cajin za ta iya ɗauka. Da a aji aka faɗa min, da tuni na manta.

Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne bibiya. Bayan an ɗauke ni aiki, wata jami'ar shirin ta riƙa kirana. A wata na uku aka canja min lokacin shiga, ya ci karo da kai yarana makaranta, har na fara tunanin barin aikin. Ita ta zauna da shugabana, aka sassauta min da awa ɗaya. Irin waɗannan ƙananan matsaloli, na sufuri ko renon yara ko saɓani da shugaba, su ne na ga suna fitar da abokaina daga aiki, ba rashin iyawa ba. Shi ya sa ma'aunin Amurka ya burge ni: dokarsu ta horar da masu neman aiki, wato WIOA ta 2014, tana duba ko mutum yana aiki a rubu'in shekara na biyu da na huɗu bayan ya fita daga shirin, ba ranar da aka ɗauke shi kaɗai ba.

Inda suka gaza: kayan gwajin ajin tsofaffi ne, ba irin waɗanda muke tararwa a fage ba. Kuma babu alawus a wata biyun farko, wanda ya sa mutum biyu a rukuninmu suka janye, ɗaya ma ya fi ni ƙwazo nesa ba kusa ba.

Yanzu shekarata ɗaya da wata biyu a wurin. Takardar shaidar kammalawa ce har yau nake jira, duk lokacin da na tambaya sai a ce mako mai zuwa.