Labo ɗaya a birni ko akwatin kayan kimiyya a kowace CEG (ƙaramar makarantar sakandare)?

In kuɗin koyar da kimiyya kaɗan ne, wasu na cewa a gina labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, babba guda a Maradi, da lantarki da ruwan famfo da mikroskop. Yana da kyau kam, amma wa zai amfana? Ƴaƴan birni. Yarinyar ƙauyen Dakoro ko Mayahi da ke ajin zana jarabawa, mushe na zana mata ƙwayar halitta a allo da alli, ita ma jarabawar BEPC ɗin nan ɗaya za ta rubuta da su.

Ni dai na fi son akwati a kowace lakwal, batir, waya, ƙwan fitila, maganaɗisu, gilashin ƙara girma, yaro ya haɗa da hannunshi fitila ta kama. Sai dai fa a horar da malamai, in ba haka ba akwatin a ofishin direkta zai kwana kulle.