Teburan darar ces na Washington Square: dala 5 ɗin ba asara ba ce

Ga ƴan uwa mazauna New York masu son ces (wasan darar da ake kira chess da Turanci), musamman mu na Bronx da kullum sai dai a waya muke bugawa da mutanen da ba ma gani, ku daure ku leƙa Washington Square Park a Manhattan. Jirgin ƙasa na layin D za ka hau kai tsaye ka sauka a West 4th Street, tafiyar minti biyu uku a ƙasa ka iso kusurwar kudu maso yamma ta filin, nan teburan suke, na kankare ne da kujerunsu a ƙarƙashin bishiyoyi. Ko Bobby Fischer, tsohon zakaran ces na duniya, ya yi wasa a wurin nan yana yaro, ai ka san ba yau aka fara ba.

Yadda abin yake, akwai mutanen da sana'arsu kenan, su zo da ƴaƴan wasansu da agogo su shimfiɗa su zauna suna kiran masu wucewa. Galibi dala 5 ne wasa ɗaya, minti biyar biyar a agogo, kuma wallahi saurinsu sai ka gani, kana tunanin inda za ka kai dokinka shi har ya taka ya danna agogo yana zuba maka surutu, surutun ma cikin dabara yake don hankalinka ya rabu biyu. Da yawansu ba su da wani kambu na gasa amma sun shekara da shekaru a kan teburin nan, tarkunan buɗe wasa duk sun haddace su.

Abin da na fi so a ja kunne a kai shi ne maganar kuɗi, ku gama ta kafin a taɓa soja ko ɗaya. Wasu kuɗin zama suke karɓa, ka ci ko a ci ka kai za ka biya, wasu kuma za su ce a sa kuɗi wanda ya ci ya kwashe, to wannan kam caca ce ba wani suna, ni ba na yi kuma ba na son ɗan uwa ya faɗa ciki don kunya ko don mutane sun zagaye suna kallo. Ka ce masa kai ladan wasa za ka biya, yawancinsu ba sa musu. Ka tambaya kuma ko in ka taɓa ɗa dole ka taka shi, don a nan ake yawan samun gardama.

In ka dace da mai kirki, bayan an tashi ka ƙara masa wani abu ka ce ya nuna maka inda ka ɓata, zai mayar da ƴaƴan yadda suke da ka ba tare da ya rubuta komai ba ya ce ga inda ka saki sarauniyarka. Wannan kaɗai ya fi kuɗin da ka bayar, waya ba ta yi maka bayani da wannan haƙurin.

Matsalar wurin hayaniya da hayaƙin masu busa, in da yara za ka je gara da hantsi. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Lokacin sanyi kuwa teburan kan yi ƙaranci da mutane, sai ka gangara Thompson Street akwai shagon Chess Forum da aka buɗe tun 1995, ana biya a awa a zauna ciki a yi wasa a nitse, suna sayar da allo da agogo ma.