Rediyo mai sola da na saya wa Inna, ga abin da na gani bayan wata takwas

Wata takwas ke nan da na saya wa Inna rediyon nan mai sola, wanda ake murɗa masa hannu a baya in caji ya ƙare, kuma tunda 'yan uwa sun dame ni da tambaya ko yana da kyau, bari in faɗi abin da idona ya gani. A babbar kasuwar Garwa na saye shi, mai butik ɗin ya fara da sefa dubu 15 muka sha ciniki har ya sallama a dubu 12. Ɗan Sin ne, launin ruwan ganye, yana da FM da AM da gajeren zango, ga tocila a gefe, ga ramin memori da na cajin waya.

Inna tana ƙauye gaba da Pitowa, kusa da kogin Binuwai, babu kuran, wato wutar lantarki, a wajen, kuma kuɗin pil, wato batir, ne yake cinye mata ɗan abin da nake aika mata. Tun da wannan ya zo ba ta sake sayen pil ba wallahi, wannan kaɗai ya biya kuɗinsa. Da hantsi take ɗora shi kan rufin rumbu, kafin la'asar ya sha rana ya ƙoshi, ya kai ta har bayan isha'i da safiyar gobe. Tashar CRTV ta Garwa, wato rediyon gwamnatin Kamaru, tana fita tar kamar a cikin ɗaki ake magana. Gajeren zango kuwa sai da haƙuri, sai ka ja eriya ka juya a hankali, amma BBC da DW da RFI duk suna shigowa, musamman da asuba da dare. Ranar da ta fara kama BBC ta ce min "ɗan nan, ka tuna min da babanku", don marigayi ba ya karin kumallo sai ya ji labarai, kuma sashen Hausan nan tun 1957 yake.

Inda ya gaza ma zan faɗa. Cajin waya sunan kawai, wayar Inna ƙarama ce mai maɓalli amma sai ta shanye batirin rediyon kaf kafin ta cika. Hannun murɗawan roba ne marar ƙwari, na gwada da agogo, murɗin minti ɗaya bai ba ni fiye da minti biyar na sauti ba, kuma a wata na uku jikoki suka karya shi, sai da mai gyara ya ɗaure da waya ya karɓi ɗari biyar. Sannan zafin Garwa na Maris da Afrilu ba wasa ba ne, in aka manta shi a rana tsaka robar bayan tana laushi, yanzu dai Inna tana rufe jikinsa da tsumma ta bar fuskar solar kawai a waje.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, irin wannan rediyon asalinsa ma don aikin raya ƙasa aka ƙirƙiro shi. Wani Bature ɗan Ingila, Trevor Baylis, ya ga shirin talabijin a 1991 kan yadda ƙanjamau ke yaɗuwa a Afirka alhali mutanen karkara ba su da kuɗin batir balle su ji faɗakarwa, shi ne ya zauna ya haɗa rediyon da ake murɗawa, daga baya aka fara ƙera shi a Afirka ta Kudu. To ka ga tun farko ba akwatin ba ne abin nema, maganar da ke fita daga cikinsa ce, kuma a nan ne nake da abin faɗa sosai.

Da daminar nan na je ƙauye na kwana uku. Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma, Inna ta ajiye rediyon kan turmi da aka kife, matan maƙwabta su biyar suka zo kowa da goyo. Aka sa sanarwa da Fillanci sannan da Hausa cewa ruwa na ƙaruwa, masu gona a bakin kogi su yi hattara. Mu da muka ga ambaliyar 2012 mun san abin da ake nufi in an ce madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai ta cika, nan take Inna ta tura yaro gidan jauro, wato mai garinmu. Bayan nan wata ma'aikaciyar asibiti ta yi bayanin amai da gudawa da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, na ga wata ƙanwarmu tana maimaitawa a bakinta tana ƙirga da yatsa don kar ta manta. Ba takarda, ba data, ba wanda ya iya Faransanci a cikinsu, amma saƙo ya isa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a Burkina Faso an yi gwaji tsakanin 2012 da 2015 inda tashoshi bakwai suka riƙa sa saƙonnin lafiyar yara da harsunan gida, aka ga iyaye mata sun ƙara kai yara asibiti in zazzaɓi ko gudawa ya kama su.

Amma fa abin da ke ƙona min rai shi ne yadda masu ba da tallafin nan suke ɗaukar aikin kamar na wucin gadi. Akwai wani shirin noma da wani furoje na masu tallafi yake ɗaukar nauyi a wata ƙaramar tasha, duk Alhamis, ana buɗe layi manomi ya kira ya ce tsutsa ta shiga masarata me zan yi, malamin gona ya amsa masa a take. Inna ba ta taɓa barin ya wuce ta ba. Rana ɗaya aka wayi gari babu shi, da na tambaya aka ce kuɗin furojen ya ƙare, tashar ma man gurup, wato janareta, yana gagarar ta, ma'aikata wata da watanni ba albashi. Aka maye gurbinsa da wasu gajerun saƙonni da aka naɗo daga nesa, kana ji ka san daga Faransanci aka juyo su kalma bayan kalma, Inna ta ce "wannan Hausar ta wace ƙasa ce?" Kuma da ƙarfe goma na safe ake sa su, lokacin da duk matan da ake yi dominsu suna gona.

Haka a Maris 2025 Muryar Amurka ta yi tsit bayan gwamnatin Trump ta dakatar da ma'aikatanta, sashen Hausan da ake ji tun 1979, a shekarar kuma aka rufe hukumar USAID da ke biyan ayyukan lafiya da yawa a Afirka. Wanda ya yanke hukuncin a Washington bai san akwai tsohuwa a bakin Binuwai da ke juya maɓalli tana neman muryar da ta saba ba. A 2015 ƙasashen duniya sun sa hannu kan muradun ci gaba 17, a cikin na 16 an rubuta cewa jama'a su samu damar samun bayanai, UNESCO ma ta ware 13 ga Fabrairu ranar rediyo ta duniya, duk wannan na yarda da shi kuma ina so, sai dai in da gaske ake to a daina ƙirga akwatin rediyo nawa aka raba aka ɗauki hoto. A sa wa ƙananan tashoshinmu sola, a horar da yaranmu masu jin Fillanci da Hausa da sauran harsunan nan su rubuta shirin da bakinsu, a bar layi a buɗe don talaka ma yana da abin da zai faɗa wa masu tsara manufa, ba kullum shi za a yi ta yi wa wa'azi ba.

Rediyon kansa na ba shi bakwai cikin goma. In za ka saya, ka sa mai butik ya kunna maka gajeren zango a gabanka, ka murɗa hannun ka ji ko yana da ƙwari, kar ka dogara da shi wajen cajin waya, kuma ka ƙara ɗan dogon waya a eriyar ka rataya a zana, yana taimakawa ƙwarai. Ni dai ƙarshen wata in Allah ya yarda zan saya wa Kawu nasa. Inna kuma ta ce in tura mata kiredi na ɗari biyar ta ajiye, ko da za a dawo da shirin Alhamis, tana da tambaya kan ƙwarin da ke cin waken da ta zuba a rumbu.