Matsakaicin bugu ko WAR: da wane mudu ake auna ɗan besbol?

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa yana ganin masu kallon besbol na Amurka suna ta ja-in-ja, wasu na cewa matsakaicin bugu da RBI (yawan makin da bugun mutum ya jawo wa ƙungiyarsa) sun isa a san gwani, wasu na cewa sai an duba WAR (ƙiyasin yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa). Wa ke da gaskiya?

Ɗan'uwa, tsohon lissafi yana faɗa maka abin da ya faru a fili. Sabon kuwa so yake ya ware rabon kowane ɗan wasa daga na abokansa da na sa'a. Rigimar daga nan ta taso.

Fara da matsakaicin bugu. Ana raba yawan bugun da ya kai mutum tasha (ɗaya daga wuraren da mai bugu ke bi da gudu har ya zagayo gida ya ci maki) da yawan tsayuwarsa da sanda, kuma wanda ya kai .300 ana ce masa gwani. Aibinsa biyu: ba ya ƙirga tafiyar kyauta da ake ba mai bugu idan mai jifa ya kauce sau huɗu, kuma bugun da ya kai ka tasha ta farko da wanda ya fice daga fili duk ɗaya ne a wurinsa. Ga misali. Mutum biyu, kowa ya zo bugu sau 600. Na farko ya buga 171 cikin 570, da tafiyar kyauta 30, matsakaicinsa .300. Na biyu ya buga 130 cikin 500, da tafiyar kyauta 100, matsakaicinsa .260. A ido na farko ya fi. Amma lissafa OBP, wato sau nawa mutum ya isa tasha ko ta wace hanya: na farko .335, na biyu .383. An fitar da na farko sau 399, na biyu sau 370. Tun da fita 27 kacal ƙungiya ke da ita a wasa mai zagaye tara, wanda ke ɓarnar fita yana cin jarin ƙungiya ne. A nan sabon lissafi ya yi gaskiya, babu ja.

RBI ya fi muni. Idan waɗanda ke bugu kafin kai ba su isa tasha ba, wa za ka koro gida? Haka nasarar mai jifa: yana iya jifa kamar aljani, abokansa su kasa cin maki, a rubuta masa faɗuwa. Félix Hernández na Seattle ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2010 da nasara 13, faɗuwa 12, saboda ERA ɗinsa, wato matsakaicin makin da ake cin mai jifa a zagaye tara, 2.27 ne. Jacob deGrom ya ci a 2018 da nasara 10 kawai, ERA 1.70. 'Yan jaridar da ke jefa ƙuri'a su kansu sun saki wannan ma'auni.

WAR shi ne inda ƙura ba ta lafa ba. Yana haɗa bugu, gudu tsakanin tashoshi, tsaro da wahalar gurbin da mutum ke tsayawa, ya mayar da su maki, sannan kusan maki goma su zama nasara ɗaya a kan abin da ɗan cike-gurbi zai kawo. A 2012 Miguel Cabrera ya fi kowa a gasarsa a abu uku: matsakaici .330, hom-ron (bugun da ya fice daga fili) 44, RBI 139, abin da ba a yi ba tun 1967. Mike Trout yana da .326, hom-ron 30, ga satar tasha 49, ga tsaron tsakiyar fili. WAR ɗin Trout ya haura 10, na Cabrera wajen 7. Duk da haka Cabrera ya ɗauki MVP, kyautar gwarzon ɗan wasan gasar, da ƙuri'ar farko 22 cikin 28. A ganina Trout ya fi amfani a shekarar, domin tazarar nasara uku ta wuce kuskuren lissafi.

Sai dai kada ka riƙi WAR kamar sikelin zinariya. Iri biyu ne sanannu, na shafukan intanet na FanGraphs da Baseball-Reference, kuma sukan saɓa, musamman kan masu jifa: na farko ya dogara da FIP, mai duba hom-ron, tafiyar kyauta da fitarwa da jifa, na biyu kuwa makin da aka ci mutum yake dubawa. Ɓangaren tsaro shi ne mafi rauni, yana hawa da sauka daga shekara zuwa shekara. Mai 5.2 da mai 4.8 kunnen doki ne.

Masu tsohon ra'ayi suna da hujjar da ba su gajiya da maimaitawa. A wasa na shida na ƙarshen gasar 2020, kocin Tampa Bay, Kevin Cash, ya cire mai jifarsa Blake Snell bayan jifa 73, alhali bugu biyu kawai aka yi masa kuma ya fitar da tara. Dalili shi ne lissafi ya nuna masu bugu sun fi gane mai jifa a karo na uku. Abokan karawarsu, Dodgers, suka ci 3 da 1, suka ɗauki kofi. Lissafin daidai ne a kan dubban wasanni, amma bai san yadda hannun Snell yake a daren ba.

Idan za ka auna mai bugu, duba OBP tukuna, sannan ƙarfin bugunsa, ka tambaya a wane fili yake wasa, domin a Denver, da ke kan tudu kusan mita 1,600 sama da teku, ƙwallo ta fi tashi. Kada ka yanke hukunci da wata guda cikin wasanni 162. Ga mai jifa, jera ERA da FIP. Idan ERA ya yi ƙasa da FIP sosai, galibi masu tsaro ne ko sa'a ke rufa masa asiri, kuma sau da yawa baɗi ERA ɗin kan haura.