Rediyon da ke jiran mutum: abin da nake saurara a bakin keken ɗinki

Ɗinki hannu da ido yake ci, kunne kuwa zaman kashe wando yake yi tun safe har dare. Shekarata 19 a kan keke, kuma a mafi yawan shekarun nan rediyo ne ya riƙe mini kunnen. Gado na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata baƙar rediyo mai gajeren zango da ya ɗaure murfin batirinta da roba, in ƙarfe takwas da rabi na dare ta yi ko kaza ba ta isa ta yi motsi a tsakar gida ba sai London ta gama magana. Aibin rediyo ɗaya ne, ba ya jiran kowa. Ana tsakiyar hira mai daɗi sai mai kaya ya shigo awo. Kafin ka gwada kafaɗa da hannu da tsawon riga ka rubuta a littafi, an riga an yi sallama da masu sauraro.

Ɗan yayata ne ya raba ni da wannan takaicin, ana saura mako uku ƙaramar Sallah. Ya karɓi wayata ya yi 'yan latse-latse, ya miƙo mini ya ce, "Kawu, ga shi. Fodkas ake ce masa. Rediyo ne, amma sai ka ce ya tafi yake tafiya, ka ce ya tsaya ya tsaya." Na ce to ai kaset ke nan. Ya ce, "E, kaset ne, amma mai cika kansa da kansa duk mako." Har yau ban ji bayanin da ya fi wannan ba. Sunan kansa wani ɗan jarida ne a Ingila, Ben Hammersley, ya fara rubuta shi a jaridar Guardian a 2004, amma wannan bai dame ni ba kamar sanin nawa zai ci mini na data.

Amsar ita ce, ba yawa. Shirin awa guda na murya zalla yakan ci tsakanin megabait 30 zuwa 60, abin da bidiyo zai lashe kafin ka gama shan shayi. Nakan sauke na gobe tun cikin dare, lokacin da data ta fi arha, da rana kuma in kashe intanet ɗin gaba ɗaya. Manhajar Google Podcasts ya fara sa mini, da aka rufe ta a 2024 ya mayar da ni wata mai suna AntennaPod, kyauta ce kuma ba ta da nauyi a waya. Yarana na shago Spotify suke amfani da ita. Duk jirgi ɗaya ne.

Na Hausa na fara nema, kuma wanda ya fi zama mini abincin yau da kullum shi ne Najeriya A Yau na jaridar Aminiya. Gajere ne, kafin in haɗa wando ɗaya ya ƙare. Batu guda suke ɗauka, tsadar taki ko kuɗin makaranta ko ambaliya, su ji ta bakin wanda abin ya shafa sannan su kira masani. Abin da nake so da shi, muryar talaka tana fitowa yadda take, da Sakkwatancinta ko Bausancinta, ba a goge ta ba. Ɗan'uwansa Daga Laraba sunansa ya faɗi ranarsa, shi ya fi zama a kan al'amuran zamantakewa, aure da tarbiyya da abin da ke damun matasa.

Sai gidajen rediyon ƙetare, waɗanda ke ɗora shirye-shiryensu bayan sun watsa. Sashen Hausa na RFI, duk da sai a 2007 aka buɗe shi, ya fi sauƙin bi a wajena, saboda kowane shiri da rumbunsa. Kasuwa A Kai Miki Dole na harkar tattalin arziki ne, Muhallinka Rayuwarka na noma da muhalli, ga Lafiya Jari Ce, ga Al'adun Gargajiya wanda shi ne ɗan lelena. Ina kuma jin daɗin yadda sukan tsallaka iyaka, ka ji mutumin Maraɗi ko Damagaram yana magana a kan damuwar da ka ɗauka taka ce kai kaɗai. DW kuma suna da wasannin kwaikwayo na Ji Ka Ƙaru, su nake kunna wa yara a lasifika in aikin guga da sa maɓalli ya yi yawa, sai ka ji shagon ya yi tsit. BBC Hausa, da ke magana da mu tun 1957, ba sai na tallata su ba. Gane Mini Hanya da Amsoshin Takardunku nakan bi su in saurara a shafinsu duk ranar da suka wuce ni.

Turancina na sakandare ne, wanda ya kwana biyu a ajiye. Da 6 Minute English na BBC na wanke shi. Mutum biyu ne ke hira a hankali na minti shida a kan wani batu, su ware kalmomi kaɗan su yi bayaninsu. Na yi wata huɗu ina jin ɗaya kowace safiya, wani sau biyu, kafin na yi ƙarfin halin shiga manya. Manhajar tana bari ka rage saurin magana, kuma ban ji kunyar yin hakan ba, wa ya gan ni?

Wanda ya fi tsaya mini a rai a cikin na Turanci, har na saurare shi sau uku, wani jerin shiri ne da Planet Money na gidan rediyon NPR a Amurka suka yi a 2013. 'Yan jaridar suka ce bari su yi riga 'yar shara guda, irin wadda matasa ke sawa, su bi ta tun daga gona har jikin mai sawa. Mutum sama da 20,000 suka biya kuɗi tun kafin a ɗinka. Audugar a Mississippi aka noma ta. Aka ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Indunusiya aka kaɗa zare, aka kai zaren Bangaladash aka saƙa, aka yanka, aka ɗinka ta maza. Ta mata kuma a Kolombiya aka yi. Sun shiga har ɗakin da wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, masu ɗinkin rigar a Bangaladash suke kwana. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lissafin: duk wannan yawon duniya a teku, kuɗin dakon da ke kan kowace riga bai taka kara ya karya ba, albarkacin kwantena.

Ranar da na gama ji na farko, na ɗaga yadin da ke kan cinyata na daɗe ina kallonsa. Daga Kantin Kwari na sayo shi, amma ba a nan aka saƙa shi ba. Mu da muke da audugar Funtuwa da Gusau, mu da aka buɗe mana masaƙa a Kaduna tun 1957 har Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata, mu da Bompai da Sharaɗa suka taɓa kwana suna ruri. Na sha jin 'yan siyasa suna kukan mutuwar masaƙu, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini yadda kobo-kobo ke tafiya a jikin riga sai waɗannan Amurkawan, su da ba su ma san da zamana ba.

A fannin tarihi akwai biyu da nake komawa gare su. A History of the World in 100 Objects shiri ne da BBC ta yi da gidan tarihi na Birtaniya a 2010, Neil MacGregor ke gabatarwa. Kashi 100 ne, kowanne kamar minti 15, kowanne a kan abu guda. Mutumin ya iya siffanta abu har ka ji kamar a tafin hannunka yake. Akwai kashin da ya yi a kan kan tagulla na Ife, da wani a kan allon tagulla na Benin, cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Sai dai kana ji kana jin wani ɗaci, mutum yana yaba maka kyawun kayan gidanku daga cikin ɗakinsa. Na biyun In Our Time ne, wanda Melvyn Bragg ya fara a 1998. Malaman jami'a uku ake tarawa su yi ta warware batu guda na kusan minti 45. Nauyi gare shi, ba na ɗinkin sauri ba ne, sai ranar da nake aikin hannu a wuyan riga. Ku nemi kashin daular Mali da na Ibn Khaldun da na Imam Gazali.

Akwai masu son shirye-shiryen zaburarwa, ni dai da taka-tsantsan nake shan su. How I Built This na Guy Raz ya fi sauran, domin masu kamfanoni ne ke ba da labarin faɗi-tashinsu da bakinsu. Na ji daɗin na Sara Blakely, wadda ke yawon tallar na'urar fakis ofis-ofis kafin ta ɗauki dala 5,000 da ta tara ta fara sana'ar tufafin ciki na mata. To amma a duk labaransu ba ka jin wanda aka ɗauke wa wuta yana tsakiyar aiki, ko wanda kuɗin man janareto ya cinye masa riba. Ka ɗauki ƙarfin zuciyar, ka bar musu lissafin.

Yanzu ga gargaɗi, kuma da kuɗina na saye shi. Serial, wanda Sarah Koenig ta fitar a 2014, bincike ne a kan kisan wata ɗaliba a birnin Baltimore na Amurka a 1999, da saurayinta na dā, Adnan Syed, ɗan Musulmi 'yan asalin Pakistan, da aka yanke wa ɗaurin rai da rai yana ta cewa bai aikata ba. Kashi 12 ne, kuma kowanne yana ƙarewa ne a inda ba ka iya haƙuri. Ina kashi na biyar ko na shida, na shimfiɗa shaddar wani Alhaji a tebur, gezna fara sol, na ɗauki almakashi. Hankalina yana can wajen lissafin minti nawa mota za ta yi daga makaranta zuwa wurin da aka ce an yi kisan. Sai da na yanke hannu biyu na ji yarona ya ce, "Maigida, wannan ba awon Alhaji ba ne fa, na ɗansa ne." Inci huɗu suka tafi. Na zare abin kunnen na yi salati. Washegari na je kasuwa na ciko yadi da kuɗin aljihuna, Allah ya taimake ni na samu irinta. Tun daga ranar na kafa doka, a lokacin yanka ba a jin komai sai ƙarar almakashi. Shi Adnan ɗin an sake shi a 2022 bayan shekara 23 a tsare, shaddar Alhaji kuwa ba ta dawo ba, hulunan yara na yi da guntayen.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na gida masu zaman kansu. Matasanmu sun shigo harkar, madalla. Amma yawanci bidiyo ne a YouTube, kujera biyu da manyan makirfo, a kwashe minti goma ana gaisuwa da kirari kafin a taɓa batu, baƙon kuma kusan kullum ɗan fim ne ko wanda ya yi tashe a TikTok. Ba na ƙin nishaɗi, nakan yi dariya har allura ta soke ni. Amma mai aikin hannu ba shi da idon kallo, murya yake buƙata, kuma muryar da aka shirya. Mu da muka saba yawo da kaset ɗin tafsiri da na waƙoƙin fada, daga baya muka koma tura karatu a memori, ba mu ne za a koya wa sauraro ba. Ina ma wani zai zauna ya ba mu sarautar Muhammadu Rumfa kashi-kashi da Hausa, yadda aka kafa kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata, da abin da ya faru a Satiru a 1906. Ko a kwaso tsofaffin wasannin Rediyon Kaduna irin su Samanja a ɗora inda za mu same su. Wallahi zan biya, kuma na san teloli goma a layinmu da za su biya.

Na daren yau dai na riga na sauke: Al'adun Gargajiya biyu da suka wuce ni, da wani In Our Time da na fara jiya barci ya ɗauke ni a tsakiyarsa. Kaftani bakwai ke jirana, kuma na yanke su duka tun da la'asar.